Kafin ka sayi laimar shawagi: amsa ga mai son tashi daga kan dutse

Wani ɗan'uwa daga Zangon Kumasi ya aiko da tambaya. Ya ce ya je Kwahu da ke Ghana lokacin bikin Ista, ya ga mutane suna tasowa da laima daga kan dutsen Odweanoma a Atibie, suna shawagi har su sauka a filin ƙwallon Nkawkaw, abin ya kwanta masa a rai. Yanzu ya ga wani a intanet yana sayar da laima ta hannu haɗe da kujerarta a farashi mai rahusa. Tambayarsa uku ce. Ya saya ya koya wa kansa ta bidiyo? Mene ne bambancinta da wancan fiffiken mai sanduna da mutum ke rataye a ƙarƙashinsa? Kuma gaskiya ne abin da ake faɗa masa a gida, cewa wannan wasa ne na masu neman ajalinsu?

Ɗan'uwa, bari in fara da wadda ta fi gaggawa. Kada ka saya, riƙe kuɗinka tukuna. Ban ce laimar lalatacciya ce ba, wataƙila ma lafiyarta ƙalau. Abin dai shi ne a yau ba ka da idon da za ka bambance mai kyau da marar kyau, kuma ko sabuwa ce dal daga kamfani, idan ta shiga hannun wanda ba a koya wa ba, asibitin ƙashi za ta kai shi. Na daɗe ina tashi a tsaunukan kudancin Jamus da Ostiriya, ina kuma cikin masu karɓar sababbin matuƙa a kulob ɗinmu. Cikin dukan abin da mai koyo zai kashe wa kuɗi, laimar ce nake so ta zo ƙarshe. Malami ne farko, sai mutanen da za ka riƙa hawa dutse tare da su. Za ka ga dalili idan ka fahimci yadda abin yake aiki.

Laimar shawagi, wadda ake kira faragilaida, ba irin ta sojoji ba ce da ake dirowa da ita daga jirgi. Waccan aikinta rage saurin faɗuwa. Wannan kuwa fiffike ne na gaske, sai dai na yadi: shimfiɗa biyu, ta sama da ta ƙasa, an raba tsakaninsu ɗaki-ɗaki, bakin gaba a buɗe. Da iska ta shiga ta bakin, sai ɗakunan su kumbura, yadin ya ɗauki siffar fiffike. Babu ƙarfe babu sanda, iskar da ke ciki da nauyinka da ke ja daga ƙasa su ne kaɗai suke riƙe da siffar. Tushenta fiffiken yadin da Domina Jalbert ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960, sannan a 1978 wasu mutum uku masu dirowa daga jirgi suka gwada rugawa da shi daga gangaren dutse a Mieussy ta Faransa, wasan ya samo asali daga nan. Ta mutum ɗaya takan kai murabba'in mita 22 zuwa 30, nauyinta kilo 4 zuwa 6, tana shiga jakar goyo. Ta masu koyo, duk mita 1 da ka sauko za ta kai ka gaba mita 8 ko 9.

Ga lissafin da nake so ka haddace. Idan ka saki birki, wato igiyoyi biyun da kake riƙewa a hannu masu jan bakin bayan laimar, gudunta a cikin iska wajen kilomita 36 zuwa 38 ne a awa. Idan ka ja birki har gudun ya sauko ƙasa da wajen 23, fiffiken zai daina ɗauka, ya koma baya, kai kuma ka zubo. Duk rayuwarka a sama tana tsakanin waɗannan lambobin biyu ne, tazarar kuwa ba ta da yawa. Iskar kilomita 30 a awa, wadda a ƙasa riga kawai za ta kaɗa maka ka ji daɗi, a sama ta cinye kusan duk gudunka. Idan ta ƙara kaɗan, sai ka ga kana fuskantar gaba amma baya kake tafiya, zuwa bayan dutse, inda babu wanda yake so ya je.

Wancan mai sandunan, hangilaida, ya girmi laimar. Injiniyan Amurka Francis Rogallo da matarsa Gertrude ne suka fito da dabarar fiffike mai lanƙwasa a 1948, sai John Dickenson na Ostareliya ya sa masa sandar tuƙi mai kusurwa uku a 1963. Ƙirarsa bututun alminiyum ne da wayoyi da yadi a ɗame. Matuƙi yana rataye rubda ciki, yana tuƙi da nauyin jikinsa: ya ja sandar ya ƙara gudu, ya tura ya rage, ya karkata jiki ya juya. Ya fi laima gudu nesa ba kusa ba, na gasa suna wuce kilomita 100 a awa, suna kuma tafiya mita 15 ko fiye a kan kowace mita 1. Ba ya naɗewa a iska mai hargitsi, kuma yana jure iskar da za ta hana laima tashi. Amma nauyinsa kilo 25 zuwa 35 ne, a naɗe tsawonsa mita 5 zuwa 6, sai da mota mai abin ɗaura kaya a sama, yana son filin sauka mai faɗi, kuma saukarsa ta fi wuyar koyo domin da gudu ake isowa ƙasa. Ga mutumin da yake zaune a Kumasi, wanda zai nemi malami da masu gyara a wata ƙasa, laima ce mafita. Ba don ta fi aminci ba, kowanne da irin hatsarinsa, sai don ita ce za ka iya sakawa a jaka ka hau jirgi da ita.

Yanzu batun koya wa kai. Tuƙin laima ba shi da wuya, kuma wannan sauƙin ne tarkon. Ja dama ka yi dama, ja hagu ka yi hagu, ja duka biyun dab da ƙasa ka sauka. Yaro ma zai iya a rana ɗaya idan iska a kwance take. Abin da bidiyo ba zai ba ka ba shi ne mutumin da zai tsaya kusa da kai a bakin gangare, ya dubi sama, ya dubi ganyen itatuwa, ya ce maka yau ba za ka tashi ba. A makaranta ta gaskiya, kwanakin farko a fili ake yin su: ka tayar da laimar sama da kanka, ka riƙe ta, ta karkata ka bi ta, ta wuce gaba ka tsayar da ita, har hannunka ya riƙa jin abin da take shirin yi kafin ta yi. Daga nan sai ƙaramin gangare, ƙafa ta bar ƙasa mita biyu ko uku. Sai daga baya a hau dutse, malami ɗaya a wurin tashi, ɗaya a wurin sauka, rediyo a ƙirjinka. A Jamus doka ce sai da lasisi, kuma kafin a ba ka na farko sai ka yi tashi 40 daga dutse mai tsawo a gaban malami, ka ci jarrabawar dokar sararin sama, da yanayi, da sanin kayan aiki, da abin yi idan lamari ya ɓaci. A Ingila da Faransa gwamnati ba ta tilasta lasisi, amma ƙungiyoyinsu na ƙasa, BHPA da FFVL, suna da matakai nasu, kuma a wurare da yawa ba za a bar ka ka shimfiɗa laima ba sai ka nuna kati da inshora.

Rabin karatun nan duk a kan iska yake, don haka bari in daɗe a nan.

Abu biyu ne ke riƙe mu a sama. Na farko iskar da ta bugi fuskar dutse ta hau sama, sai mu yi ta kai da komowa a gabansa. Na biyu iska mai ɗumi: rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta taru ta yanke ta miƙe sama. Ita ce kake ganin shirwa da ungulu suna kewayawa a ciki ba tare da sun kaɗa fiffike ba, mu ma haka muke yi, kuma sau da yawa su ne ke nuna mana inda take. Da ita ake yin tafiya mai nisa. A 2021 Sebastien Kayrouz ya yi fiye da kilomita 600 da laima a jihar Texas, Dustin Martin kuma ya yi 764 da hangilaida a can ɗin a 2012, duk babu inji. Sai dai a gefen iskar da ke hawa akwai wadda ke sauka, kuma a mahaɗarsu ne gefe ɗaya na laima yake naɗewa. Da tsakar rana, a ƙasa mai zafi da bushewa, wannan iska tana da ƙarfi da kaifi. Shi ya sa masu koyo da safe suke tashi ko da yamma liƙis. Ƙarfe 12 zuwa 3 na rana lokacin ƙwararru ne.

Bayan dutse kuma fa? Ka taɓa lura da ruwan kogi idan ya wuce wani babban dutse, yadda yake murɗawa a bayansa yana juyawa? Haka iska take yi a bayan tsauni, da bayan gini, da bayan jerin itatuwa. Mugun abin shi ne, mai tsaye a wurin tashi zai iya jin iska mai daɗi tana busa masa a fuska, alhali murɗaɗɗiyar ce ta juyo, ainihin iskar daga bayansa take zuwa. Ya tashi, ya yi mita 50, laima ta nannaɗe. Wanda ya san wurin zai gane daga tafiyar gajimare ko daga hasashen yanayin ranar. Baƙo ba zai gane ba. Haka kuma iska tana ƙara gudu a kan ƙoƙuwar dutse da kuma inda ta matse tsakanin duwatsu biyu, ta yadda abin da ka auna a gindi ba shi za ka tarar a sama ba.

Akwai biyu da suka shafe mu mutanen Afirka ta Yamma kai tsaye. Guguwar nan ta rani da ke tashi a fili tana juya ƙura da leda, wadda yara ke bi da gudu, tana iya ɗaga matuƙi da laimarsa daga ƙasa ta maka shi, ko da bai yi niyyar tashi ba, muddin yana ɗaure. Idan ka ga ana irinta a yini, kada ka zauna a ɗaure da laima a shimfiɗe. Ta biyu hadari. Gajimaren da ya yi tsiri yana toroƙo yana zuƙar iska daga ƙarƙashinsa da ƙarfin da babu laimar da za ta iya tsere masa. Ranar 14 ga Fabrairu 2007, kusa da garin Manilla a Ostareliya, hadari ya zuƙe Ewa Wiśnierska ta tawagar Jamus tana atisayen gasar duniya, na'urarta ta nuna ta kai mita 9,946, sama da tsawon Everest. Ta suma, ƙanƙara ta lulluɓe ta, Allah ya yi da sauran kwananta ta sauko da rai. Wani matuƙi ɗan China da hadarin ya kama a ranar bai tsira ba. Waɗannan ƙwararru ne na duniya. Kuma ba sai hadarin ya iso kanka ba: iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa tana tafiya kilomitoci da yawa a gabansa. Ka san ta, ita ce ke kwashe rufin kwano a farkon damina. Idan ka hango hadari ya haɗu ko da nesa ne, sauka ake yi nan take.

Naɗewar gefen laima ba ƙarshen duniya ba ne idan kana da tsawo. Ka karkata jiki zuwa gefen da yake buɗe, ka taɓa birkinsa kaɗan don ka riƙe hanya, na masu koyo da kansu suke buɗewa cikin daƙiƙa kaɗan. Abin da ke kashe mutane shi ne firgita: a ja birki da yawa har gefen da ya rage shi ma ya daina ɗauka, ko a bar laimar ta shiga juyi tana nitsewa ƙasa. Ana koyon wannan da gangan a wani kwas da ake kira SIV, a saman tafki, da rigar ruwa, jirgin ceto yana jira a ƙasa, malami yana magana ta rediyo. Tafkin Annecy a Faransa da gaɓar Oludeniz a Turkiyya sun yi suna a kansa. Amma ka lura da sharaɗin da na sa, wato tsawo. Yawancin hatsari wurin tashi da wurin sauka yake faruwa, inda babu lokacin gyara. Otto Lilienthal, Bajamushen da ya fara wannan harka gaba ɗaya, ya yi tashi wajen 2,000, kuma faɗuwar da ta yi ajalinsa a Agustan 1896 daga tsawon mita 15 ce kacal. Mai koyon kansa yakan ce ai ƙaramin tudu zan gwada, ba zan yi nisa da ƙasa ba. To nan ɗin ne wurin da ya fi hatsari.

Sai kulob. Mutane suna ɗauka taron shan shayi ne da sayen riga mai tambari, alhali a wurina ya fi hular kwano muhimmanci. Makaranta za ta sallame ka da kati, kana iya tashi da sauka, amma ba ka san komai ba tukuna game da ranar da ba ta yi kama da ranakun makaranta ba. Shekara biyun da ke biye su ne masu hatsari, musamman lokacin da mutum ya fara jin ya iya, tsoron farko ya tafi, sani na gaskiya bai iso ba. Kulob ne ke riƙe mutum a wannan tsakanin. A Ingila sabon matuƙi yana ɗaura jan ƙyalle a kujerarsa na awa 10 na farko, domin kowa ya ba shi fili a sama, a ƙasa kuma a kula da shi. A kowane kulob mai tsari akwai tsofaffin hannu da aka ɗora wa wannan aiki, kuma akwai rubutaccen bayanin kowane dutse: iskar wace fuska ke yi masa daidai, ina wayar lantarki ta bi, wace gona aka hana sauka, ina motar asibiti za ta iya shigowa.

Yawancin rayuwar kulob zama ne. A hau dutse, a ajiye jakunkuna, a zauna ana kallon tutar iska, ana jira ta lafa ko ta juyo. Wani lokaci a yini a sauko a mota ba wanda ya tashi. Sabon shiga yakan ga kamar asarar rana ce, ni kuwa a wannan zaman na ga ana samun ilimin da ba ya cikin littafi. Ka ji dattijo mai shekara talatin a harkar ya dubi gajimare ya ce bai yi masa ba, ya fara naɗe kayansa. Idan ka ga haka, kai ma naɗe naka, sannan ka je ka tambaye shi me ya gani. Babu abin da ke jefa mutum a hatsari kamar ya ce na yi doguwar tafiya, na kashe kuɗin mota, ga abokai sun ɗaga waya suna ɗauka, dole in tashi. Cikin jama'ar kirki, wanda ya fasa tashi ba a yi masa dariya, kuma ina auna kulob da wannan kafin komai.

Su ne kuma ke riƙe da filin. Kusan kowane wurin tashi da sauka gonar wani ce ko makiyayar wani. Kulob ne ke zuwa wurin mai ƙasa, a yi yarjejeniya, a biya haya, a sare ciyawa, a gyara hanya. Mutum ɗaya ya sauka cikin amfanin gona, ko ya firgita shanu, ko ya bar ƙofar shinge a buɗe, sai a rufe wurin da aka yi shekara ashirin ana lallaɓawa. A Amurka, da kamfanonin inshora suka janye daga harkar, 'yan ƙungiyar matuƙa ta ƙasar, USHPA, karo-karo suka yi suka kafa nasu kamfanin a 2016, domin in babu inshora masu filaye da yawa ba za su bari a tashi ba. A sama ma akwai ƙa'idar hanya da kowa ya sani: idan kun yi gaba da gaba kowa ya kauce dama, a jikin dutse wanda dutsen yake damansa shi ke da hanya, a cikin iska mai hawa wanda ya riga shiga shi ke zaɓar fuskar da za a kewaya. Abin da ya fi burge ni shi ne al'adar ba da rahoto. Duk wanda ya yi hatsari, ko ya tsallake rijiya da baya, yana rubuta abin da ya faru, a cire sunansa, a buga kowa ya karanta. Ƙungiyar Jamus, DHV, tana fitar da nazarin hatsarin kowace shekara, kuma daga irin waɗannan rahotanni aka gyara ƙirar maɗaurai da dama.

Misali ɗaya na abin da idon abokin tafiya ke hanawa. A 2018 a Interlaken ta Suwizalan, matuƙin hangilaida ya tashi da wani Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido bai maƙala shi a jikin fiffiken ba. Mutumin ya yi fiye da minti biyu yana reto da hannu, ya tsira da karayar wuyan hannu. Wasu da irin haka ta same su ba su tsira ba. A laima, kwatankwacinsa shi ne mantawa da maɗaurin cinya, mutum ya zame ta ƙasan kujera. Maganinsa dubawa biyar kafin kowane tashi, a jere, ba a tsallake ko ɗaya: maɗaurai da hula, igiyoyi, laimar kanta, iska, sannan sararin da ke gabanka. Idan wani ya yi maka magana a tsakiya, ka koma farko. Kuma ka bar na kusa da kai ya duba ka, kai ma ka duba shi, ko da ya girme ka a harkar.

To, kayan aiki, don ranar da malaminka zai ce lokaci ya yi. Ana gwada laima a Turai bisa ma'aunin EN 926, a ba ta daraja A, B, C ko D gwargwadon yadda take farfaɗowa idan ta naɗe. A ita ce mai yafiya, ita ce taka. Yawancin laimomin da ake zubarwa da araha a intanet tsofaffin C da D ne, ko waɗanda yadinsu ya mutu. Kowace kuma tana da iyakar nauyi, kuma nauyin da ake nufi shi ne kai da tufafinka da dukan kayan, wato ka ƙara kilo 15 zuwa 20 a kan naka. Rana ce babbar abokiyar gabar yadin: tana cinye shafen da ke hana iska ratsa shi, har ya zama ido na ganin laima lafiya lau amma tana saurin daina ɗauka. Ba a gane wannan da hannu, sai da na'urar auna ratsawar iska. Igiyoyin ma suna canzawa, na zaren Dyneema suna ƙanƙancewa, na zaren Kevlar suna raunana a inda suke lanƙwasa, kuma bambancin santimita kaɗan ya isa ya sauya halin laima. Shi ya sa ake kai ta wurin masu dubawa duk shekara biyu, ko bayan awa 100 zuwa 150, yadda kamfanin ya rubuta. Duk mai sayar da ta hannu da ba zai nuna maka takardar dubawa ta kwanan nan mai lambar laimar ba, ka bar masa kayansa. A zafi irin namu kuma kada a bar ta a but ɗin mota, kada a naɗe ta da danshi, a kuma kakkaɓe fara da ƙwari kafin a naɗe, domin suna huda yadi.

Kujera dole ta kasance mai kariyar baya, ta soso mai kauri ko jakar iska, saboda raunin da aka fi samu a wannan wasa na ƙashin baya ne da idon sawu. Laimar ceto, wato wadda ake ajiyewa a jikin kujera don jefawa idan babbar ta ƙi, wajibi ce, daidai nauyinka. Ma'aunin EN 12491 ya ce kada saukarta ta wuce mita 5.5 a daƙiƙa, kuma wannan ma bugu ne mai ƙarfi, sai ka koyi yadda ake haɗe ƙafafu a mirgina. Ana warware ta a sake naɗewa aƙalla sau ɗaya a shekara, kamfanoni da yawa suna cewa a canza ta bayan shekara 10. Da sanyi, lokacin da ba a tashi sosai, kulob-kulob kan taru a zauren wasanni, a rataye mutum a igiya, a jijjiga shi, ya nemo hannun laimar ceton ya jefa. A irin wannan taro ake gano waɗanda aka saka ba daidai ba, waɗanda da an buƙace su a sama ba za su fito ba. Hular kwano mai lambar EN 966, takalmi mai riƙe idon sawu, safar hannu, rediyo, da wuƙar yanke igiya. Ƙugiyoyin alminiyum da ke haɗa kujera da laima suna gajiya ba tare da sun nuna ba, ana canza su wajen duk shekara biyar. Na'urar da ke ƙara idan kana hawa ko sauka tana da amfani, amma ba ta gaggawa ba ce. Sabon kaya cikakke a Turai yakan ci Yuro 3,000 zuwa 5,000. Makaranta kuwa da kayanta ake koyo, wani dalilin ke nan na kada ka yi gaggawar saye.

Maganar mutanen gida kuma, kada ka raina ta. Ana mutuwa a wannan wasa duk shekara, ana kuma samun waɗanda ba su sake tafiya da ƙafarsu ba. Duk wanda ya ce maka babu hatsari, kada ka koya a wurinsa. Amma idan ka karanta rahotannin, da wuya ka ga inda kaya masu lafiya suka tsinke haka kawai. Abin da za ka yi ta gani shi ne an tashi a iskar da ta fi ƙarfin mutum, an sayi laimar da ta wuce matakinsa, an yi juyi dab da ƙasa, an ƙi jefa laimar ceto har lokaci ya ƙure. Duk waɗannan shawara ce da mutum ya yanke, yawanci tun yana ƙasa. Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ka kuma haɗa da lafiyar jikinka: kada ka tashi da gajiya, ko rashin barci, ko ƙishirwa mai tsanani, wanda ya sa ni ba na son tashin tsakar rana ga mai azumi.

Abin da za ka yi a aikace shi ne ka fara da tashin mutum biyu tare da matuƙi mai lasisin ɗaukar fasinja, ka ji ko jikinka ya karɓa, don wasu jiri da amai ne ke kama su. Bikin shawagi na Kwahu, wanda aka fara a 2005, dama ce ta wannan, kuma dama ce ta yin magana da matuƙan ido da ido. Kuɗin da ka tanada don laima ka mayar da shi kuɗin tafiya makaranta na mako biyu. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ke da cikakken tsari ƙarƙashin ƙungiyar SAHPA, da wurare irin su Wilderness da Porterville. A Maroko ana tashi a Aguergour kusa da Marrakesh da kuma gaɓar teku wajen Mirleft. Kwarin Kerio na Kenya ya yi suna, amma iskarsa ta ƙwararru ce, ba wurin fara koyo ba ne. Ka tambayi kowace makaranta wace ƙungiya ce ta ba malaminta izini, ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, kuma ko takardarsu za ta ba ka katin IPPI na hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wanda da shi ake gane matakinka a wasu ƙasashe.

Idan ka dawo, kada ka hau dutse kai kaɗai. Ko ku uku ne, ku zama ƙungiya, ku nemi ƙwararre ya zo ya duba muku wurin kafin kowa ya tashi. Ku je wurin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, GCAA a Ghana ko NCAA ga wanda yake Najeriya, ku ji inda aka yarda da inda aka hana. Ku gaida sarkin garin da mai gonar da za ku sauka a ciki, ku sanar da 'yan sanda, domin a halin tsaron da ake ciki, abin da ya bayyana a sama ba sanarwa yana iya jawo harbi, musamman kusa da bariki ko filin jirgi. Ku kuma san asibiti mafi kusa da ke iya karɓar mai raunin ƙashin baya, da awa nawa za a yi kafin a kai mutum can daga gindin dutsen.